Yadda Ake Gano Nisan Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Birane Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga jirgi mai dogon zango ya san ɗan allon nan da ke manne a bayan kujerar gabansa, inda ake nuna hoton jirgin yana rarrafe a kan taswira. Daga Landan ka tashi, New York za ka, amma sai ka ga layin ya lanƙwasa ya yi arewa, ya bi ta gefen Kanada, sannan ya gangaro. A nan mutane da yawa suke yanke cewa matuƙi ya yi zagaye, ko kuma akwai abin da ake gudu a hanya. Alhali wannan lanƙwasasshen layi shi ne hanya mafi kusa. Taswirar ce ta yaudari ido.

Idan aka ce "mene ne nisan jirgi daga birni kaza zuwa birni kaza", tambaya uku ce aka dunƙule wuri ɗaya. Akwai tazara mafi gajarta a kan doron ƙasa, wadda lissafi ke bayarwa kuma ba ta canzawa. Akwai hanyar da jirgin ya bi a zahiri ranar da ya tashi, wadda kusan kullum ta fi ta farko tsawo. Sannan akwai lokacin da tafiyar za ta ci, wanda shi ne galibi abin da mai tambaya yake nufi a ransa. Yawancin ruɗanin da ake samu daga cakuɗa waɗannan ukun yake fitowa. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ina so ka yi lissafin da hannunka ko da sau ɗaya ne, domin wanda ya taɓa fitar da lambar da kansa, shafin intanet ba zai ba shi lambar banza ya karɓa ba.

Mataki na farko: filin jirgi za ka nema, ba birni ba

Jirgi ba daga tsakiyar gari yake tashi ba. Filin Heathrow yana wajen kilomita 23 yamma da tsakiyar Landan, Narita kuma wajen kilomita 60 daga tsakiyar Tokyo. Filin Beauvais da ake sayar da tikitinsa da sunan Paris yana kusan kilomita 85 daga birnin, shi kuwa Hahn da ake jingina wa Frankfurt ya kai wajen kilomita 120. A tafiyar kilomita 10,000 wannan ba komai ba ne. A tafiyar kilomita 400 kuwa yana iya sauya amsar gaba ɗaya.

Kowane babban fili yana da lambar haruffa uku da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ba shi. Ita ce kake gani a tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jaka: LHR na Heathrow, JFK na babban filin New York, CDG na Paris, HND na Haneda a Tokyo. Da wannan lambar za ka yi aiki, saboda sunayen birane suna maimaituwa. Akwai Sydney a Ostareliya mai lamba SYD, akwai wata Sydney a Kanada mai YQY. Akwai San José babban birnin Kosta Rika, SJO, da San Jose ta jihar Kalifoniya, SJC, harafi ɗaya tal ya raba su. Idan ka ga lamba mai haruffa huɗu kamar EGLL ko KJFK, ta ICAO ce, hukumar sufurin jiragen sama ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage suke amfani da ita. Fili ɗaya suke nufi da ta haruffa ukun.

Mataki na biyu: ɗauki ƙwallo da zare

Kafin lissafi, sai ido ya gamsu. Nemi ƙwallon taswirar duniya irin na makaranta. In babu, ƙwallon wasa ma ya isa. Ɗiga alama biyu nesa da juna, dukansu a rabin sama, tsayinsu ɗaya daga tsakiyar ƙwallon. Danne bakin zare da babban yatsa a kan alama ta farko, ja shi zuwa ta biyu, ka tsuke shi sosai har ya daina motsi. Duba inda ya kwanta. Za ka ga bai zagaya ta gefe ba, ya haura ne ta wajen saman ƙwallon ya sauko. Gani ya kori ji.

Wannan layi da zaren ya bi yanki ne na abin da masana ke kira babbar da'ira, wato da'irar da idan ka yanka duniya a kanta, wuƙar za ta ratsa ta tsakiyarta ta raba ta gida biyu daidai. Tsakanin kowane wuri biyu a doron ƙasa, babu hanyar da ta fi ta babbar da'ira kusa.

To me ya sa take fitowa a lanƙwashe a taswira? Domin ƙwallo ba ya shimfiɗuwa a takarda sai an ja wani sashe nasa. Irin taswirar da muka fi sabawa da ita ta samo asali ne daga wadda Gerardus Mercator ya fitar a 1569 saboda matuƙa jiragen ruwa, don mutum ya ja miƙaƙƙen layi ya bi alƙibla guda ba tare da sauya ta ba. Ta yi wannan aikin da kyau, sai dai ta kumbura duk abin da ke kusa da ƙarshen arewa da ƙarshen kudu. Shi ya sa tsibirin Girinland yake fitowa kamar ya kai girman Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. A irin wannan taswira, hanyar da ta haura arewa sai ta zama kamar doguwa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Beijin da New York. Biranen biyu kusan layi ɗaya suke, wajen digiri 40 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Idan ka aza rula a taswira ka bi wannan layin ta tekun Fasifik, za ka ci fiye da kilomita 14,000. Ta babbar da'ira kuwa, wadda ke ratsawa kusa da ƙarshen arewacin duniya, kusan kilomita 11,000 ne. Sama da kilomita 3,000 ke nan aka rage, tafiyar fiye da awa 3.

Mataki na uku: hanya mai sauri

In lamba kawai kake so, shiga shafin Great Circle Mapper ka rubuta lambobin filayen biyu da ɗan layi a tsakani, kamar LHR-JFK, zai ba ka nisan da hoton hanyar. A Google Maps na kwamfuta kuma, danna maɓallin dama na linzami a kan fili na farko, zaɓi Measure distance, sannan ka danna fili na biyu. Ka kiyaye abu guda: kada ka nemi kwatancen hanya, domin wannan nisan mota zai ba ka.

Mataki na huɗu: samo lambobin wuri

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu. Latitud yana faɗin nisan wuri arewa ko kudu da layin ikwaita, daga digiri 0 zuwa 90. Longitud yana faɗin nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a Landan, daga 0 zuwa 180. A Google Maps, idan ka danna wuri ka riƙe a waya, ko ka danna maɓallin dama a kwamfuta, lambobin biyu za su fito, latitud a gaba. Digiri da lamba biyu bayan ɗigo ya ishe ka, domin kuskuren da zai rage bai wuce na kilomita guda ba.

Ƙa'ida ɗaya ce a nan, kuma ita ce ta fi kayar da mutane: arewa da gabas lambobinsu a sake suke, kudu da yamma kuwa sai an sa musu alamar ragi a gaba. Heathrow yana 51.47 da -0.45. JFK yana 40.64 da -73.78.

Wani lokaci za ka tarar da lambar a tsohon tsari na digiri da minti da sakan, kamar 51°28′. Minti 60 ke cikin digiri ɗaya, don haka raba 28 da 60, ka samu 0.47, ka haɗa da 51. In akwai sakan, raba shi da 3,600 ka ƙara.

Kada ka ce za ka ɗauki bambancin latitud da bambancin longitud ka yi musu lissafin kusurwa uku irin na shimfiɗaɗɗen fili. Digiri ɗaya na latitud wajen kilomita 111 ne a ko'ina. Na longitud kuwa kilomita 111 ne a ikwaita kaɗai, yana tsukewa yayin da kake yin arewa ko kudu, har ya koma rabi a digiri 60, ya ɓace gaba ɗaya a ƙarshen duniya inda layukan suka haɗu.

Mataki na biyar: lissafin kansa

Kana bukatar kalkuleta mai maɓallan sin da cos. Ta waya ma tana da su, galibi sai ka kwantar da wayar a gefe suke bayyana. Kafin komai, gwada ta: danna sin 30. In ta ba ka 0.5, tana kan digiri, ci gaba. In ta ba ka -0.988, tana kan RAD, mayar da ita DEG. Wannan gwajin na sakan biyar ya ceci lissafi da yawa.

Abin da muke nema shi ne kusurwar da filayen biyu suke yi idan an ja layi daga kowannensu zuwa tsakiyar duniya. Da zarar an samu kusurwar, nisan ya fito. Ga yadda ake yi da Heathrow da JFK.

Fara da sin na latitud biyun. Sin 51.47 ya ba da 0.7823, sin 40.64 ya ba da 0.6513. Ninka su, ka samu 0.5095. Rubuta wannan a gefe.

Sai cos na latitud biyun. Cos 51.47 shi ne 0.6229, cos 40.64 shi ne 0.7588. Yanzu fitar da bambancin longitud: daga -0.45 zuwa -73.78 digiri 73.33 ne, kuma cos ɗinsa 0.2869. Ninka ukun gaba ɗaya, ka samu 0.1356.

Haɗa abin da ka ajiye a gefe da wannan: 0.5095 da 0.1356 sun zama 0.6451.

Danna maɓallin cos⁻¹, wanda wasu kalkuletoci ke rubutawa acos, ka sa 0.6451. Zai ba ka digiri 49.83. Kusurwar ke nan.

Ninka ta da 111.2, wato tsawon digiri ɗaya a kan duniya mai matsakaicin nisan kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa doro. Amsa: kusan kilomita 5,540.

Idan ka gwada da shafukan da ke wannan aikin, wasu za su ba ka 5,540, wasu kuma wajen 5,555. Babu wanda ya yi kuskure. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, ta ɗan kumbura a tsakiya: daga cibiyarta zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙarshen arewa kuwa 6,357. Shafukan da suka ba da babbar lambar suna aiki ne da siffar WGS84, wadda GPS ke amfani da ita, galibi ta hanyar lissafin da Thaddeus Vincenty ya wallafa a 1975. Bambancin ba ya wuce rabin kashi ɗaya cikin 100, kuma ga matafiyi wannan ba abin damuwa ba ne.

Mu ga abin da alamar ragi take yi. Filin Johannesburg yana -26.13 da 28.24, na Dubai yana 25.25 da 55.36. Da ragin, sin na Johannesburg zai fito da ragi, kashin farko ya zama -0.1879, a haɗa da 0.7228, a samu 0.5349, wato digiri 57.7, kusan kilomita 6,400. In ka manta ragin, ka ɗauko birnin ke nan ka dasa shi a arewacin ikwaita, sai lissafi ya ba ka wajen 2,700. Kalkuleta ba za ta yi maka gargaɗi ba. Saboda haka duk lambar da ka samu, waiwayi taswira ka tambayi kanka ko ta yi kama da gaskiya. Akwai kuma iyaka: babu wurare biyu a duniya da tazararsu ta wuce wajen kilomita 20,000, rabin zagayen duniya.

Idan fili ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma, bambancin longitud haɗa lambobin ne. Beijin tana 116.58 gabas, JFK 73.78 yamma, jimla 190.36. Ba sai ka gyara ta ba, cos ɗinta daidai yake da na 169.64.

Wanda zai yi wa hanyoyi da yawa lissafi, ya buɗe Excel ko Google Sheets, ya sa latitud da longitud na fili na farko a A2 da B2, na biyu a C2 da D2, sannan ya rubuta wannan a E2:

=6371*ACOS(SIN(RADIANS(A2))*SIN(RADIANS(C2))+COS(RADIANS(A2))*COS(RADIANS(C2))*COS(RADIANS(D2-B2)))

Ga wurare masu kusanci sosai, masu rubuta manhaja sun fi son wata siffar wannan lissafi da ake kira habasin, saboda ba ta rasa daidaito a ƙaramar tazara. Tsakanin birane biyu da jirgi ke haɗawa, amsarsu ɗaya ce.

Mataki na shida: mil wane iri?

Kalmar mil tana da ma'ana biyu. Mil na ƙasa, wanda Amurka da Birtaniya ke aiki da shi a hanyoyinsu, mita 1,609 ne. Mil na teku mita 1,852 ne, kuma da shi matuƙa jiragen sama da na ruwa suke magana. An tsayar da wannan adadin a wani taron ƙasa da ƙasa a Monako a 1929, kuma asalinsa tsawon minti ɗaya ne na latitud. Wannan ya sa lissafinsa ya zo da sauƙi: ninka kusurwar da ka samu da 60. Digiri 49.83 sau 60 ya ba da mil na teku 2,990. Tafiya ɗaya ce ta Landan zuwa New York, amma za ka iya ganinta an rubuta 5,540, ko 3,440, ko 2,990. Duba haruffan da ke bayan lambar: km kilomita, mi mil na ƙasa, nm mil na teku.

Mataki na bakwai: ƙara abin da hanya ke ci

Lambar da ka samu zuwa yanzu ita ce mafi ƙaranci. Jirgi ba ya bin zaren nan ƙafa da ƙafa. Tun daga tashi, yana fuskantar iska ne, ko da alƙiblar tafiyar tana bayansa, sai ya hau sannan ya juyo. Kusa da manyan filaye akwai tsararrun hanyoyin fita da shiga, kuma in fili ya cika, ana sa jirage su yi ta kewaye a sama suna jiran layi. A hanya kuma akwai hadari da ake kauce wa, da yankunan soja da ba a ratsawa.

A kan arewacin tekun Atlantika, cibiyoyin Gander a Kanada da Shanwick ta ɓangaren Birtaniya da Ailan suna zana hanyoyin jirage sabbi kowace rana bisa yadda iska ta kwana. Don haka jirgin jiya da na yau, masu lamba ɗaya, ba lallai su bi layi ɗaya ba.

Akwai kuma ƙa'idar tsaro ga jirage masu inji biyu. A da ba a yarda su yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 da inji ɗaya daga filin da za su iya sauka ba, abin da ya tilasta musu rakuɓe gaɓar teku. Tsarin ETOPS ya faɗaɗa wannan zuwa minti 120 a 1985, daga baya 180, har Airbus A350 ya samu izinin minti 370 a 2014. Tsaunuka ma suna da tasu: ana kauce wa tudun Tibet saboda idan iskar cikin jirgi ta zube, dole a sauko zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi, shi kuwa tudun ya haura mita 4,000.

Abin da ya fi kowanne tsawaita hanya shi ne rufe sararin samaniya. Tun da aka rufe wa kamfanonin Turai sararin Rasha a 2022, tafiyar Helsinki zuwa Tokyo, wadda ta babbar da'ira wajen kilomita 7,800 ce kuma take cin kusan awa 9, ta koma wajen awa 13. Saboda haka idan zarenka ya ratsa ƙasar da ake yaƙi ko wadda ta rufe samanta, lambar lissafi ba za ta gaya maka abin da za ka tarar ba.

A hanyar da babu irin wannan cikas, akwai ma'auni mai sauƙi da ICAO ke amfani da shi wajen ƙiyasta hayaƙin jirage: ƙara kilomita 50 idan tafiyar ba ta kai 550 ba, 100 idan tana tsakanin 550 da 5,500, sannan 125 idan ta wuce haka. Ni ina ɗaukarsa a matsayin mafi ƙarancin ƙari. In kana son ainihin abin da ya faru, rubuta lambar jirgin, wadda ke kan tikiti, a FlightAware ko Flightradar24, ka duba tafiye-tafiyensa na kwanakin baya. Duba uku ko huɗu, kada ka tsaya a ɗaya.

Mataki na takwas: mayar da nisa ya zama lokaci

Jiragen fasinja na zamani suna tafiya a tsayin kilomita 9 zuwa 12. Ƙanana irin Boeing 737 da Airbus A320 suna gudun wajen kilomita 830 a awa, manya irin Boeing 787 da A350 wajen 900. Don ƙiyasi, raba nisan da 850, sannan ka ƙara minti 30 zuwa 45 na gangarawa zuwa titin tashi, hawa, sauka da komawa bakin ƙofa. Kilomita 5,540 a raba da 850 ya ba da awa 6 da rabi, da ƙarin ya zama awa 7 da 'yan mintuna.

Duba jadawali sai ka ga New York zuwa Landan wajen awa 7 ne, amma Landan zuwa New York wajen awa 8. Nisa ɗaya, lokaci daban. Dalili shi ne wani kogin iska mai ƙarfi da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a daidai tsayin da jirage ke bi, gudunsa kan wuce kilomita 200 a awa, kuma ya fi tsanani a lokacin sanyi. Mai zuwa gabas yana shiga cikinsa da gangan ya tura shi, mai zuwa yamma yana kauce masa ko da zai ƙara nisa. A watan Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, gudunsa a kan doron ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa ba tare da injinsa ya yi abin da ya saɓa wa na kullum ba. Wannan shi ya sa masu tsara hanyar jirgi ba gajeriyar hanya suke nema ba, wadda za ta ci ƙarancin lokaci da mai suke nema. A doguwar tafiya ta gabas da yamma a waɗannan yankuna, rage wajen rabin awa idan gabas ka nufa, ƙara rabin awa idan yamma.

A gajeriyar tafiya ƙa'idar rabawa da 850 ba ta da wani amfani sosai. Heathrow zuwa CDG wajen kilomita 350 ne, lissafi zai ce minti 25, amma a jadawali ta haura awa guda, domin jirgin bai gama hawa ba zai fara shirin sauka. A ɗaya gefen kuma akwai Singafo zuwa JFK, wajen kilomita 15,350 ba tsayawa, wadda Singapore Airlines ke yi da A350 cikin awa 18 zuwa 19.

Lokacin da ke tikiti daga barin ƙofa ne zuwa tsayawa a ƙofa, kuma kowanne da agogon garin da abin ya faru. In an rubuta tashi daga Landan ƙarfe 10 na safe, sauka New York ƙarfe 1 na rana, ba awa 3 ba ce. Landan tana gaba da awa 5, don haka awa 8 ce. A wasu 'yan makonni na Maris da ƙarshen Oktoba bambancin kan koma awa 4, saboda ƙasashen biyu ba rana ɗaya suke sauya agogo ba. Hanya mafi aminci ita ce ka mayar da lokutan biyu zuwa agogon GMT kafin ka ɗebe.

Idan akwai yada zango

Yi wa kowane zango lissafinsa daban, ka haɗa, sannan ka gwada jimlar da nisan kai tsaye. A nan ne ake gane ko birnin da za a tsaya yana kan hanya ko ba ya kai. Landan zuwa Singafo kai tsaye wajen kilomita 10,900 ne. Ta Dubai, 5,500 da 5,850, jimla wajen 11,350, ƙarin bai kai kilomita 500 ba, wato Dubai kusan a kan zaren take. Amma Johannesburg zuwa São Paulo kai tsaye wajen 7,450 ne, ta Dubai kuwa 6,400 da 12,200, jimla 18,600. Nisan ya ninka sau biyu da rabi, ga lokacin jira a fili, ga ƙarin tashi da sauka. Wanda ya yi wannan ɗan lissafin kafin ya sayi tikiti ya san abin da yake saye.

Akwai inda jimlar zanguna ba ita ake dubawa ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda ke tsara diyyar fasinja idan an soke jirgi ko an hana shi shiga, kuma kotu ta faɗaɗa ta zuwa dogon jinkiri, ta rataya adadin diyyar a kan nisa: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, 400 daga nan zuwa 3,500, sannan 600 ga abin da ya haura haka, sai dai tafiyar da ba ta fita daga cikin Tarayyar ba tana tsayawa a 400. Dokar ta ce da babbar da'ira za a auna. A 2017 kuma kotun Tarayyar ta yanke cewa idan tikiti ɗaya ne mai zango biyu, tazarar kai tsaye daga filin farko zuwa na ƙarshe ita ce abin lura, komai zagayen da aka yi da fasinja. Don haka mai neman irin wannan diyya ya ɗauki filin da ya fara tashi da filin da ya sauka a ƙarshe, ya manta da na tsakiya, ya yi musu lissafin mataki na biyar. In lambar ta faɗo kusa da 1,500 ko 3,500, ya sake tabbatar da ita a shafin da ke aiki da WGS84 kafin ya cika takardar.